Bokiti Ɗaya

Ina da shekara hamsin da uku
na sake sayen littafin rubutu.
Matata ta ɗinka mini jaka
da ragowar atamfar zumuntar mata,
na hau mota daga Billiri zuwa Kaltungo
kamar yaron da za a kai aji ɗaya.
Digiri na biyu, suka ce. Tauhidi.
Ni da na tsaya bakin kabari sau ɗari biyu
ban taɓa neman ƙamus a can ba.

Mu tara ne a ajin.
Bukata daga Bogoro, ɗan Kosin, mai tari kafin ya yi gardama.
Mshelia na 'Yan'uwa, wanda cocinsa ya ƙone sau biyu,
bai taɓa ba da labarin ba, a bakin wani na ji.
Olaniyan ɗan Baptis, mai shagon taya a Gombe.
Sista Felisiya.
Sauran mu biyar kowa da tambarinsa a aljihu.

Mahaifina mai bishara ne.
Ko gyaɗa ba ya saye a hannun ɗan Katolika.
Da ya ga ɗansa a gindin mangwaro bayan sujadar yamma
Sista tana koya masa Helenanci,
tana buga benci da biro, tana cewa
“Sake, Fasto Lamela, wannan ba harshen Tangale ba ne,”
ban san abin da zai ce ba.
Na yi ta tambayarsa a zuci. Bai amsa ba.

A makon da muka kai ga baftisma
injin rijiyar burtsatse ya mutu.
Olaniyan ya ce sai an nutsar da mutum har gashin kai.
Mshelia ya ce sau uku, kuma da fuska gaba.
Sista ta ce ɗigo ya isa, Allah ba ya awo da mudu.
Dokta Afiniki ta jingina da allo ta bar mu,
har muryoyi suka dushe, aka buɗe littafi bakwai,
babu wanda ya yi wanka tun Litinin.

Da dare Bukata ya ɗauki babur
ya dawo da jarka rabi, ruwan ja kamar kunun dawa.
Muka juye a bokiti ɗaya, muka jira ya kwanta.
Mai nutsarwa ya wanke fuska da kofi guda.
Mai yayyafi ta ce ita da za ta sami kogi
da ta faɗa ciki da mayafinta.
Dariyar da muka yi
ta tashi karnukan unguwa har gindin dutse.

Kada a ce mun daidaita. Ba mu daidaita ba.
Ranar Lahadi kowa ya goge takalminsa
ya nufi ƙofarsa.
Akwai teburi ɗaya da har yau ba mu haɗu a kansa ba,
gurasar nan da ƙoƙon nan.
Na rubuta shafi goma sha takwas a kan dalili,
na sami maki mai kyau,
abin bai daina yi mini ciwo ba.

Amma tuwon Laraba a kwano ɗaya muke ci,
miyar yakuwa, man gyaɗa kaɗan.
Mshelia yakan tura mini naman, ya ce haƙorinsa.
Ƙarya yake yi, na ga yadda yake tauna rake.

Jiya wata tsohuwa a cocina ta tare ni:
“Fasto, me suke koya maka a can?”
Na buɗe baki in ce Helenanci.
Sai na ce, “Mama, sunayen mutane.
Addu'ata ta safe ta ƙaru da mutum takwas,
shi ya sa nake makara.”